Gaisuwar da Kaka Ta Hana a Rubuta

Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, kuma a kwana ukun nan na ji ƙarya iri-iri, duk da na san da kyakkyawar niyya aka yi ta. Mutum zai zo ya tsuguna, a shafa fatiha, sai ya ɗaga kai ya dubi Baba ya ce, "Allah ya ji ƙan tsohuwa, mace mai haƙuri." Wani ya ce ba ta da abokin faɗa. Mai kifin bakin gada, wanda ta taɓa mayar wa da kifinsa sau uku a rana ɗaya tana cewa na jiya ne, shi ya fi kowa share hawaye, wai bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na dube shi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Ni jikanta ne, a ɗakinta na yi wayo, kuma na rantse da wanda ya karɓi ranta, Kaka ba ta da haƙuri. Ba ta da shi ko na ƙwayar gero. A cikin masu ta'aziyya duka, maƙwabciyarmu ta bayan katanga ce kaɗai ta faɗi gaskiya. An ce da ta shiga cikin gida ta ga ɗakin a buɗe, sai ta zube a bakin ƙofa ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Ta fashe da kuka, mata suka taya ta.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ina tsoron nan da shekara guda a wayi gari ana tuna wata salihar tsohuwa mai sanyin murya wadda ba a taɓa yi a gidanmu ba, ita kuwa ta gaskiyar ta ɓace. Amma ba ƙaryar masu ta'aziyya ce ta hana ni sukuni a kan tabarmar nan ba. Wata gaisuwa ɗaya nake jira, wadda Kaka ta ɗora mini amsarta a wuya, kuma a iya sanina babu wanda ya rage a duniya da zai zo ya yi mini ita.

Ba Bahaushiya ba ce, ko da yake ta yi shekara sittin da ɗoriya tana wanke mutane da Hausa mai kyau. Daga wani ƙauye take a cikin duwatsun da ke gaba da Ningi. Kakanmu namiji fataucin shanu yake yi, yana kawowa kasuwar Juma'a ta nan Wudil, a yawonsa ya gan ta ya auro ta. Yarensu ban taɓa jin ta kira shi da suna ba. "Bakin gida" take cewa, shi ke nan. Ƙauyen ya daɗe da watsewa, mutanensa sun sauko bakin titi, 'ya'yansu sun tashi da Hausa. Tun ina ƙarami na saba jin ta tana yin bakin gida da awakinta, da wuta idan ta ƙi kamawa, da wasu tsofaffi 'yan garinsu da aure ko noma ya zaunar a Darki da Lajawa. Tsofaffin nan suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kafin in mallaki hankalina sosai, saura ita da wata ƙawarta da ke Lajawa.

Baba shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana ido da ido. Yana zaune a tsakar gida za ta ce mini, "Ka gaya wa wancan katangar awaki ta zube." Shi kuma ya ce, "Ka ce mata na gani." Haka na tashi ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Da aka yaye shi, wajen uwarta aka kai shi can dutse, bai dawo ba sai da ya isa shiga makaranta. An ce yara sun yi ta kwaikwayon bakinsa suna dariya har ya daina magana a aji. In ka tambaye shi yaren yanzu sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ko sunan ruwa ban sani ba. Na manta tuntuni."

Bayan da soja suka koma bariki, kasuwar masu zane ta buɗe. Ina aiki a wani ƙaramin shagon buga takardu a bakin babban titi, kuma daga katin biki da kalanda muka koma fasta ba dare ba rana. Aikina shi ne in gyara wa ɗan takara zaman hula, in rage masa tumbi, in share masa furfura, in sa shi murmushin da matarsa ma ba ta taɓa gani ba. Waɗanda suka lalace a inji nakan kwaso in kawo gida a kunna wuta. Akuyar Kaka ta samu damin ta cinye rabin ɗan takarar kansila, cikinta ya kumbura.

Da rana tsaka sai ga Kaka a shago, da sandarta da guntun fastar a hannu. Ta fara da Hausa. Ta ce ni da masu hulunan nawa duk ba mu kai darajar akuyarta ba. Da Hausa ta gaza ɗaukar abin da ke cikinta, sai ta juya bakin gida, ta yi ta zubawa. A kan benci akwai wata mata da ta kawo takardun ɗalibai a buga mata. Malama ce a sabuwar jami'ar da aka buɗe mana, 'yar wajen Gombe, tana koya wa 'yan kimiyya Turanci, amma ashe karatunta na nazarin harsuna ne. Na ga ta miƙe tsaye a hankali, baki buɗe. Da Kaka ta tsaya shan iska, Malama ta durƙusa ta ce, "Iya, don Allah ki maimaita."

Kaka ta dube ta sama da ƙasa, ta juyo gare ni ta ce, "Maigida, wannan lafiyarta ƙalau? Ana zagi tana neman ƙari?"

Daga nan wahalata ta fara, kuma shekara uku ta ɗauka. Malama ta ce yaren nan bai taɓa hawa takarda ba, in tsofaffin biyu suka tafi ya tafi. Shawararta ita ce ita ta ɗauki maganar Kaka a kaset ta tsara yadda za a rubuta, ni kuma in yi zane, mu fitar da katuna masu hoto a gaba da kalma a baya, a raba wa jikokin mutanen dutse. Na yarda da sauri, don na gaji da gyaran hancin 'yan siyasa. Akwai sautukan da haruffan boko ba su da su. Malama ta zaɓo wasu haruffa masu ƙugiya da ɗigo, kwamfutar shagonmu kuma ba ta san da zamansu ba, sai da na zauna na zana su da hannu ɗaya bayan ɗaya na shigar. Na kai wa Kaka ina taƙama. Ta nuna ɗaya da farce ta ce wannan kunama ce, ita ba a rubuta bakinta da kunama.

Duk ranar Asabar da hantsi Malama za ta zo da rikodarta. Baba yana hango ta zai ɗauki rediyonsa ya fita soro, wai zai ji yadda ake ciki a majalisa. Kaka kuwa ba ta fara komai sai an yi gaisuwa da bakin gida, kuma gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, mu da ake cewa mun iya jan gaisuwa. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi ƙafa, a tambayi hanyar da ƙafar ta biyo. In ka yi tuntuɓe a tsakiya, a koma farko. Sau da yawa fuskar kaset ɗaya takan ƙare ba mu wuce gaisuwa ba. In na ce, "Tsohuwa, kaset fa yana tafiya," sai ta ce, "Ya tafi mana. Shi ya zo wajena ko ni na je wajensa?" Malama ma tuni ta sami suna, 'yar kaset, kuma har Kaka ta bar duniya ba ta kira ta da wani ba.

Ranar da na kawo katunan farko ba zan manta da ita ba. Sati biyu na yi a kansu, kowane kati da hoto ɗaya a tsakiya, tsaf-tsaf. Malama ta ɗaga na farko, rumbu ne. Ta ɗaga na biyu, allura ce. Kaka ta karɓi biyun ta jera a kan tabarma ta daɗe tana kallo.

"Maigida, a ina ka taɓa ganin allura ta kai rumbu girma?"

Na ce hoto ne kawai, don a gane.

"A gane me? Ni ban san sunan allurar da ta kai rumbu ba. A garinmu ba mu da ita. Kuma wannan rumbun a ina yake tsaye? A sama? Babu ƙasa, babu kaza a gindinsa?"

Ta ture katunan, ta ce ba za ta sa wa ƙarya suna ba. Na fita soro ina huci, na tarar da Baba da rediyo a kunne, bai ko ɗaga kai ba. Malama ta biyo ni ta ce in yi haƙuri, wataƙila tsohuwar tana da gaskiya. Wannan ya fi ɓata mini rai, domin ni ma na fara zargin haka.

Sai na watsar da katuna, na samo takarda babba irin ta fasta, na ce Kaka ta faɗa mini yadda gidansu yake a dutse in zana shi gaba ɗaya, kowane abu a wurinsa da girmansa. Sau huɗu ina sakewa. Na farko ta ce murhu ba ya kallon ƙofa. Na biyu ta ce turmin na Hausawa ne, nasu gajere ne mai faɗin baki. Na uku ta ce fartanyar ta malalaci ce. A na huɗu ta sa na shimfiɗa a ƙasa, ta sunkuya tana bin zanen da ido har na fara tattara kayana. Can sai ta ɗora yatsa a wani fili kusa da dutsen niƙa inda ban zana komai ba, ta ce, "Nan uwata take zama. Kar ka zana ta, ba za ka iya ba." Daga nan ta fara kiran sunayen abubuwa, tana bin takardar da yatsa daga ƙofa har bayan gida, da abin da ake yi da kowanne da wanda yake yi. Ba ta tsaya ba sai da aka kira azahar. Malama ta ƙarar da kaset ɗin da ta zo da su, ta koma rubutu a bayan takardun ɗalibanta.

Wannan zanen ne muka buga a kalanda, da sunayen a jikin kayan. Ban san yadda labari ya kai ba, sai ga mutane suna zuwa shago daga wajen Ningi, direbobi da 'yan kasuwar Juma'a, suna cewa an ce akwai kalandar garin kakanninsu. Wani dattijo ya tsaya a gabanta ya ce turmin nan sak na gidansu. Na koma na gaya wa Kaka, ina jiran ko sannu. Ta ce ai da ma ta faɗa mini.

Kada in zalunce ta. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Malama, mijinta kuma ba ya gari, Kaka ta ɗaure ƙullin kanwa da gero ta sa na kai ta a babur. Kwana biyu ta yi a can tana dama mata kunu, tana gasa mata jiki, tana kuma yi mata faɗa a kan yadda take wanke tukunya. Malama ta ce ba ta san wanda ya warkar da ita ba tsakanin kunun da faɗan.

Rigimarmu babba ta zo ne a kan gaisuwar mutuwa. Malama ta riga ta ɗauki gaisuwar safe da ta haihuwa da ta dawowa daga gona. Wata Asabar ta ce, "Iya, saura wadda ake yi idan an yi rashi." Kaka ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa.

"Wa ya mutu?"

Malama ta ce babu, don a adana ne kawai.

"To ba a yin ta sai an mutu. Kwana ukun zaman makoki, daga nan a rufe baki. Ba a yin ta don gwaji, ba a sa ta a kaset, ba a sa ta a takarda. Kashe abin nan."

Muka yi lallashi, muka yi dabara. Malama ta ce to a faɗi rabi. Na ce to ta faɗa a kunnena. Na kawo mata goro fari mai ɗaci irin wanda take so, ta karɓa ta ci ta ce a'a. Ƙanen Baba ya sa baki ta wani gefen, ya ce da ma a bar ta, irin waɗannan al'adu ba su da wuri tunda akwai addu'a. Ta ce masa fatiha ta Allah ce, kuma ba ta taɓa barinta ba, gaisuwa kuwa ta mutane ce, shi dai ya je ya ɗaure tunkiyarsa da ke cin shanyar mutane.

Ranar nan haƙurina ya ƙare. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi da gaske ba. Na ce shekara biyu muna bin ta kamar masu roƙo, na ce ita da ƙawarta kaɗai suka rage, in sun mutu gaisuwar ta bi su kabari, kuma ita ce ta kashe ta da taurin kai, ba Hausa ba. Ta dube ni kawai ta shige ɗaki.

Hukuncin da ta yanke mini shi ne ta daina yi mini Hausa. Sati uku cur, in zan ci tuwo, in zan ɗauko mata ruwa, in za ta aike ni wajen "wancan", duk da bakin gida. In ban gane ba ta maimaita da ƙarfi, kamar kurma take yi wa. Na yi ta kai wa Baba saƙon da ban fahimta ba, shi kuma ya ce in koma in tambayo. Abin haushin shi ne a sati ukun nan na koyi abin da ban koya ba a shekara biyu, kuma ta san haka.

Da damina ta tsaya, aka aiko da safe cewa ƙawarta ta Lajawa ta rasu. Kaka ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta yafa mayafi ta ce in ɗauko babur, in kuma aika wa 'yar kaset ta same mu a can, amma ta bar kaset ɗin a gida. A bakin ƙofa ta sa hannu a aljihuna ta zare biro ta jefa cikin soro.

A gidan rasuwar ta sa aka kira mata 'ya'yan marigayiya, manya masu furfura, suka tsaya a gabanta. Ta gyara tsayuwa ta yi musu tambaya ta farko da bakin gida. Suka dubi juna. Ta jira. Babban ya ce, "Allah ya ba da lada, Iya." Ta yi ta biyu, ta yi ta uku, kowacce tana tsayawa tana jira, har mutanen da ke wurin suka fara sunkuyar da kai. Babu wanda ya amsa. Ta ce Allah ya ji ƙanta da Hausa, ta shige ɗakin mata, Malama ta bi ta.

A hanyar dawowa ta bugi bayana ta ce in tsaya a gindin wata ɗorawa. Ta zauna a kan saiwa ta ce, "Yau an mutu. Buɗe kunnenka." Kwana uku muna zuwa Lajawa, kwana uku muna tsayawa a gindin ɗorawar nan. Kalmomin ba zan rubuta su ba, ko a nan, amma ma'anar ba ta hana ba. Baƙo ne yake tambaya, ɗan gida ya amsa. A tambayi ko an sallame ta da hannu biyu. A tambayi ko ta bar wani da ƙulli a zuci. Ta uku ita ce wa ya rage a gidan, kuma amsarta doguwa ce: sai ka kira dutsen da aka fito, da rafin da ke gindinsa, da gidajen dangi bi da bi, kafin ka rufe da cewa muna nan.

Amsoshin kaɗai ta koya mini. Na ce tambayoyin fa, sau ɗaya na ji su. Ta ce, "Kai ɗan gida ne, amsa ce taka. Ranar tawa kar ka tsaya kana zare ido kamar waɗancan." Na ce to wa zai tambaye ni, tunda babu kowa? Ta ce ba ruwana, in tada babur rana tana faɗuwa.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, ranar wata Talata da hantsi, ta gama ba awakinta dusa, ta ce kanta yana juyawa, ta kwanta. Kafin azahar ta cika. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Muka kai ta bayan la'asar.

To ga ni a kan tabarma, ina maimaita amsoshin nan a zuci kamar mai haddar allo, ina kallon duk wanda ya doso. Na aika wajen Ningi ta hannun direbobi, aka ce tsofaffin da za su iya sun ƙare. Malama ta tafi hutu garinsu, na ba da saƙo a tasha ban san ko ya isa ba, kuma ko ta zo, me za ta yi ba kaset? Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A ta uku aka yi sadaka da safe, mutane suka fara raguwa. Haushin Kaka ya cika ni fiye da baƙin ciki, in faɗi gaskiya. Ta ɗora mini kaya ta tafi, ta hana a rubuta, ta hana a ɗauka, ga shi in magariba ta yi an rufe baki.

Bayan la'asar aka leƙo daga cikin gida aka ce wata baƙuwa tana son ganin 'yan gida a soro. Muka shiga ni da Baba da ƙanensa. Malama ce, da ƙurar mota a mayafinta, ba jaka, ba rikoda. Ba ta ce mana sannu ba. Ta gyara tsayuwa irin yadda na taɓa gani a Lajawa, ta buɗe baki ta yi tambaya ta farko da bakin gida, tsaf, har da inda Kaka take jan murya.

Ashe a ɗakin matan nan na Lajawa Kaka ta koya mata tambayoyin. Ni a gindin ɗorawa, ita a ƙuryar ɗaki, kowa da rabinsa, kuma tsohuwar ta hana ta gaya mini.

Na amsa ta farko. Na amsa ta biyu. Ta yi ta uku: wa ya rage a gidan? Na kira dutsen. Na kira rafin. Na kira gida na farko, na biyu, sai kaina ya ɗauke ɗif. Na koma baya na sake ɗaukowa, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Malama tana jira, hawaye yana zubo mata, ba ta da ikon taimaka mini don ba ta san amsar ba. Na tsaya ina zare ido, daidai abin da aka ce kar in yi.

Sai na ji an ɗauka daga bayana, daga inda na tsaya. Murya ce ƙasa-ƙasa, tana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya ba gargada, har da wasu biyu da ni ba a koya mini ba. Na juya. Baba ne, idonsa a rufe, hannunsa a jikin bango. Ya kai ƙarshe ya ce muna nan, ya sake cewa muna nan, sannan ya zame ya zauna a kan dakalin da yake jin rediyo, ya rufe fuska da hula.

Na bari sai da ya nutsu. Ina so in rungume shi, ina kuma so in yi ihu. Shekara uku ina yawo da rikoda da takarda, ina shan zagi, ina kai masa saƙon da ya fi ni ganewa yana mayar da ni in tambayo, mutumin nan yana zaune a soro da rediyo. Na ce, "Baba, kai da ka ce ko sunan ruwa ba ka sani ba?"

Ya goge ido ya ce, "Haka na ce. Ni ma haka na zata." Sannan ya ce ranar da kakarsa ta rasu a dutse aka tsayar da shi a bakin ƙofa ya amsa, yana ɗan shekara bakwai, washegarin sadakar uku aka kawo shi Wudil. Ya ɗaga kai ya dubi hasken da ke shigowa ta ƙofar soro. "Rana ba ta faɗi ba. Kira mini 'yan'uwanka, maza da mata, da 'ya'yansu. Malama, ki zauna, ke za ki riƙa tambaya."

Na juya zan fita, ya kira ni. Ya miƙo hannu, ya zare biron da ke aljihuna ya ajiye a bayansa.

Mu goma sha wani abu muka zauna a soron nan har aka kira magariba, Malama tana tambaya, Baba yana gyara mana baki, kuma wallahi faɗansa sak na uwarsa. Da ladan ya ɗaga murya ya ce ya isa, a rufe baki.

Allah ya ji ƙan Kaka, ya yafe mata abin da ta yi wa mai kifi da abin da ta yi mini, ya yafe mini muryar da na ɗaga mata. Allah ya haskaka makwancinta, ya sa inda ta je ta tarar da masu amsa mata gaisuwa.